Mawaƙin da ya koma rubuta manhaja: ku bar zundensa, ku tambayi abin da ya kore shi



Akwai wata magana da ta fara yawa a bakin mutane, kuma mun ga bai kamata mu yi shiru ba. Matashi ya yi shekaru yana waƙa ko haɗa kiɗa a situdiyo, ran nan sai a ji ya ajiye makirfo, ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya samu aiki a kabine, wato irin kamfanonin nan da ke yi wa bankuna, ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu aikin na'ura bisa kwangila. Nan take sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce alhamdu lillahi, ya bar roƙo ya kama aikin kirki. Wasu kuma su ce ya ci amanar masoyansa, son kuɗi ya ja shi. Mu dai a ganinmu duka biyun sun kauce hanya.

Mu fara da masu cewa ya ci amana. Don Allah, nawa kuka taɓa ba shi? Waƙa guda kafin ta fito sai an biya situdiyo, an biya mai haɗa kiɗa, an biya mai ɗaukar hoto, in babu kuran a sayi mai a zuba wa injin. Ran da ta fito, kafin magariba ta zagaye WhatsApp kyauta. Mai turi a bakin kasuwa ya cika wa mutum katin waya da waƙoƙi ɗari, ya karɓi ƴan dalolinsa, mai waƙar ko dala bai gani ba. Spotify ya iso Nijar tun 2021, amma abin da yake biya a kan sauraro dubu bai wuce ƴan jikkuna kaɗan ba, kuma mutum nawa ne a nan ke biyan kuɗin wata don ya ji waƙa? Muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma ina ya isa ya bi kowace waya da kowane katin turi? Abin da ya rage wa mawaƙi shi ne biki, suna da kamfe. A 2020 cutar korona ta rufe taruka, aka ga yadda sana'ar ta tsaya cak. Tun bayan 26 ga Yulin 2023 kuma babu zaɓe, babu waƙar ƴan takara. To da me kuke so ya ciyar da iyali, da tafi?

Ku dubi Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. Waƙoƙinsa sun yi yawo daga waya zuwa waya a duk faɗin Sahel, amma sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sa waƙarsa cikin wani kundi a 2011 sannan ƙofar duniya ta buɗe masa. Abin alfahari ne, amma abin tambaya ne kuma: dole sai baƙo ya zo kafin mai basira ya ci guminsa?

Sai ku masu cewa ya bar roƙo. Wannan maganar raini ce tsantsa. Ƙasar da ta sa wa babbar gasar kiɗanta sunan Ɗan Gurmu, ta gina cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, ba ita ce za ta kira waƙa wasan banza ba. Kuma ku sani, abin da ya koya a kiɗa ne ya taimaka masa a gaban kwamfuta. Wanda ya saba kwana a kan FL Studio yana jera sauti ɗaya bayan ɗaya, yana maimaita layi sau hamsin har ya zauna daidai, yana gano ƙaramin kuskuren da kunnen kowa bai ji ba, ya riga ya samu haƙurin da ake bukata wajen farautar kuskure cikin manhaja. Wanda ya yi aiki da makaɗa biyar kuma ya san yadda ake aiki cikin rukuni. Haɗa kiɗa da na'ura ma ba baƙon abu ba ne a gare mu: tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset da kiɗan ogan na lantarki, wanda aka daɗe ana ji a rediyo da talabijin ɗin ƙasa.

Amma kada matasa su ɗauka kabine aljanna ce. Ga yadda abin yake. Mai aiki ya kawo bukatarsa, a rubuta takardar sharuɗɗa, a yanke ranar miƙa aiki, kamfani ya caji kuɗi bisa yawan kwanakin da injiniyansa zai yi. Kai albashi kake ɗauka, ribar ta mai kamfani ce. Yau kana kan manhajar biyan albashi, bayan wata uku an kai ka ta lissafin magani. Galibi kuma kwangila ta ce duk abin da ka rubuta mallakar wanda ya ba da aikin ne. Ke nan wanda ya gudo daga inda ake cin guminsa, in bai karanta takarda da kyau ba, zai sake tarar da sunansa ba ya kan aikinsa. Bambancin dai a nan ana biyansa ƙarshen wata, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai mata da ƴaƴa.

Shigar ma ba ta kwana uku ba ce. Duk wanda ya ce maka cikin mako biyu zai mai da kai injiniya, kuɗinka yake so. Sai an zauna watanni, ko shekaru, a kan Python ko JavaScript, an san yadda ake adana bayanai, an iya Faransanci na ofis da Ingilishin karanta takardun aiki. Ga tsadar intanet, ga ɗaukewar kuran. Ba mu manta wahalar da aka sha daga Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira tana yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga. Wanda ya ƙetare duk wannan, jinjina ya kamata a yi masa.

Ga abin da muke nema. Masu biki, ku yi jinga da mawaƙi kafin taro, ku biya, ku bar dogara ga liƙi. Gidajen rediyo da masu wuraren taro, ku biya haƙƙin waƙar da kuke sakawa. Jami'o'inmu, Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa, ku buɗe karatun dare ga wanda ya riga ya girma yana son koyon sabuwar sana'a. Masu kabine, ku gwada abin da mutum ya iya da hannunsa kafin ku tsaya kan kwalin makaranta.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka tsallaka, in kiɗa ya sake dole rawa ta sake, ba mu zarge ku ba. Amma ku ne kuka san ciwon ta ciki da waje. Mutanen da ke tura kuɗi ta Nita ko Amana kullum, me zai hana su tura dala ashirin don waƙar da suke so, in an samar musu hanya mai sauƙi? Wa ya fi ku sanin yadda za a gina wannan manhajar? Ku kai ta cibiyar CIPMEN a Yamai ko duk inda za a saurare ku. In kun yi haka, ƙanenku mai murya ba zai tsaya zaɓe tsakanin waƙa da tuwo ba.

Allah shi ba kowa halalinsa.