Shayin Tsofaffin Bishiyoyi Ya Fi Ƙarfin Sukari



Da yawanmu in an ce shayi, teburin mai shayi muke tunawa: ƙullin Lipton, madara, sukari cokali uku da burodi. Amma shayi ganyen bishiya ne, kuma akwai inda ake barin bishiyar ta yi ɗaruruwan shekaru ba a sare ta ba. A ra'ayina, mutanen wurin sun fi mu sanin darajar tsohuwar bishiya.

A lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin akwai wani dutse mai suna Jingmai. Ƙabilun Blang da Dai sun yi kusan shekara 1000 suna noman shayi a kansa. Ba sa share daji ƙarƙaf. Suna barin manyan itatuwa su yi inuwa, shayin yana girma a ƙarƙashinsu. Ganyen da ya zubo ya zama taki, tsuntsaye da gizo-gizo kuma su cinye ƙwarin da ke ɓarna. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan daji cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A gonakin shayi na zamani ana datse shukar daidai ƙugun mutum don a ji sauƙin tsinka. A Jingmai kuwa akwai bishiyoyin da sai an hau su kafin a tsinko ganye. Saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa, kuma a inuwa ganyen ba ya gaggawar girma. Masana shayi suna danganta ɗanɗanonsa da wannan. Kurɓar farko tana da ɗaci da ɗan bauri. Jim kaɗan sai ɗacin ya wuce, wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro ya daɗe a baki, alhali ba a sa sukari ba. Sinawa suna kiran wannan zaƙi huigan. Ganye ɗaya ana iya zuba masa ruwan zafi har sau 10 bai salance ba.

Kowane dutse kuma da halin shayinsa. Na ƙauyen Lao Banzhang ya yi suna wajen ɗaci da ƙarfi. Na Yiwu mai laushi ne a baki. Na Jingmai yana da ƙamshin fure da na zuma. Da irin waɗannan ganyayyaki ake yin shayin Pu'er, wanda ake dannewa ya yi faɗi kamar faifai, yawanci giram 357, a ajiye shi shekaru ɗanɗanonsa yana canzawa.

Wani zai ce wannan shayin masu kuɗi ne, me ya haɗa ɗan makaranta da shi? Gaskiya ne yana da tsada, har wasu 'yan kasuwa marasa amana suna liƙa sunan tsohuwar bishiya a kan ganyen gona. Kuma shayin gona ba abin rainawa ba ne: wanda ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba yana samar wa mutane aikin yi. Amma me ya sa na Yunnan ya yi tsada? Saboda kakanni sun bar bishiyoyin a tsaye, jikoki suna cin amfaninsu kowace shekara.

Mu ma muna da irin wannan dukiya: kuka, tsamiya, ɗorawa da kaɗanya. Kaɗanya takan haura shekara 10 kafin ta fara 'ya'ya, amma rana ɗaya ta isa a sare ta a yi gawayi. Kuɗin gawayin mako guda ya ƙare, daddawa da man kaɗe kuwa sai ƙara tsada suke yi a kasuwa.

Don haka ina roƙon Malam Shugaban Makaranta ya ba kowane aji bishiya ɗaya ya kula da ita, a rubuta sunan ajin da shekarar a jikin allo kusa da ita. Ku kuma 'yan uwana, gobe da safe ku kurɓi shayinku sau ɗaya kafin a zuba sukari da madara, ku ji ainihin ɗanɗanon ganyen.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta