Mazan Jiya: Patrick, Bawan Da Ya Koma Ƙasar Bautarsa

Yana ɗan shekara 16 mahara suka ɓullo ta teku suka afka wa ƙauyensu a Birtaniya, a zamanin da mulkin Rumawa ya soma sukurkucewa a can. Suka kama shi tare da ɗimbin mutane, suka ƙetara da su tsibirin Ailan. Sunansa Patrick. Ubansa Calpurnius dikon ne a coci, kakansa kuwa firist, amma shi da kansa ya rubuta cewa a lokacin addini bai dame shi ba.

Shekara shida ya yi yana kiwo, ruwa ya dake shi, sanyi ya dake shi, har wuya ta koya masa addu'a dare da rana. Daga bisani ya gudu, ya yi tafiyar wajen mil 200 kafin ya sami jirgin ruwa. Da ya isa gida dangi suka roƙe shi kada ya sake barinsu.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To, Patrick bai gudu ba. Ya yi mafarki mutanen Ailan suna kiransa, ya nemi ilmin addini, aka naɗa shi bishop, ya koma musu cikin ƙarni na 5 na Miladiyya. Saboda haka ne Kiristoci suke kiransa manzon Ailan. Yakan ba sarakuna gaisuwa don su bar shi ya ratsa ƙasarsu, amma idan mata suka ajiye kayan adonsu a kan bagade don shi, sai ya mayar musu, ko da za su ji haushi, don kada a ce neman dukiya ya kawo shi.

Abin da ya fi ƙona masa rai daga ƙasar haihuwarsa ya zo. Dakarun wani basarake, Coroticus, waɗanda su ma suna amsa sunan Kirista, suka kai hari kan mutanen da bai daɗe da yi wa baftisma ba, suka kashe wasu, suka kwashe saura bayi. Ya aika a sako su, aka yi wa 'yan aikensa dariya. Sai ya rubuta wasiƙa mai zafi, ya hana masu bi ci ko sha tare da maharan sai sun tuba sun saki bayin. Wasiƙar tana nan har yau. Zancen da ake yi cewa ya kori macizai daga Ailan kuwa tatsuniya ce, tsibirin ba shi da macizai tun fil'azal.

A 1932 aka kafa ƙungiyar mishan mai sunansa a Kiltegan domin aiki a kudancin Nijeriya, a 1961 kuma bishop-bishop na Katolika suka ɗauke shi waliyyin ƙasar nan. Ana tunawa da shi kowace ranar 17 ga Maris.