An Rufe Makaranta, Ina Darasin Yaran 'Yankara?

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar nan take, kuma bayan kwana shida aka sako yara 344. Waɗannan yara ba su daɗe da komawa aji ba daga dogon zaman gida na annobar korona, wanda ya fara tun watan Maris na shekarar 2020. A watan Nuwamba 2025 kuma, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, gwamnatin Katsina ta sake sallamar yara daga makarantunta.

Wannan jarida ba ta ga laifin gwamnan da ya rufe makaranta don ceton rai ba. Duk uban da ya taɓa tsayuwa a ƙofar makaranta yana jiran labarin ɗansa ya san rai ne kan gaba. Damuwarmu ita ce sanarwar rufewa kan faɗi ranar da yaro zai tafi gida, ta yi shiru a kan abin da zai karanta idan ya je. A gari irin 'Yankara, da ke Ƙaramar Hukumar Faskari kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, dab da iyakar Zamfara, wannan shiru yana da tsada. Yaron da ya yi wata uku bai riƙe fensir ba, gona ko kasuwa ce za ta ɗauke shi, musamman idan rufewar ta faɗo a kaka, lokacin da kowane gida ke neman hannun da zai kwashe masara. Yarinya kuwa farantin talla ke jiranta, daga nan sai a fara maganar aure. Ranar da aka buɗe makaranta, ba duk wanda ya fita ne ke dawowa ba.

Da an tayar da wannan magana, sai a ce ai akwai karatu ta intanet. Gaskiya ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da manhajar darussa ta Nigeria Learning Passport a 2022, kuma tana da amfani ga wanda ke da babbar waya, da kuɗin data, da wutar caji. To amma mutanen wannan yanki ba su manta da watan Satumba 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, cikinsu har da Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara da Ɗandume, aka shafe watanni ba sabis. Ke nan matsalar da ke rufe makaranta ita ce kuma ke iya kashe waya, a wuri guda, a lokaci guda. Shirin da ya jingina da intanet zai fara faɗuwa ne a inda aka fi bukatarsa.

Abin da ba ya saurin rufuwa a irin waɗannan lokuta shi ne makarantar allo. Malam yana cikin unguwa, iyaye sun san shi, zaure ko inuwar bishiya ta ishe shi, yaro kuma yana komawa gida da abin da zai bita. Tsarin kai ilimi har inda mai nema yake ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da mata malamai na 'Yan Taru, da ake kira jaji, waɗanda suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka da ba su da halin zuwa birni. Muna ganin a nan ne boko ya kamata ya ɗauki darasi.

Malamin firamare ko na sakandare yana karɓar albashinsa ko an rufe makaranta, kuma haƙƙinsa ne. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023. Abin da ya rage shi ne sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma ya san, tun kafin tashin hankali, malamai nawa ne ke kwana a 'Yankara, nawa a Sheme, nawa a Sabuwa, ba waɗanda ke zuwa daga Funtuwa ko Malumfashi idan hanya ta yi kyau ba. A raba wa kowane malami mazaunin gari yaran unguwarsa, ko da ba a makarantarsa suke ba. Inda malamai suka yi ƙaranci, akwai matasa masu takardar NCE suna zaune ba aiki, ɗan alawus zai tashe su. Awa biyu da safe, karatu da rubutu da lissafi, ya isa ya hana abin da yaro ya koya zubewa.

Dole a yi wannan da taka-tsantsan. Kwana takwas bayan abin da ya faru a Ƙanƙara, an tare ɗaliban Islamiyya na Mahuta a Ɗandume kan hanyarsu ta komawa gida daga Mauludi, Allah ya sa aka kuɓutar da su. Saboda haka ba muna kiran a tara yara ɗari a fili ba ne. Yara goma ko goma sha biyar, a cikin gari, da rana, a gidan da mai unguwa da kwamitin iyaye suka amince da shi. 'Yan mata kuma a cikin gida wurin malama mace, domin akwai iyayen da sai da wannan sharaɗin za su bar 'ya'yansu su fita.

Rediyo yana da nasa gurbin. A lokacin korona jihohin Arewa da dama sun sa darussa a rediyo, kamar yadda Saliyo ta yi a 2014 da Ebola ta rufe makarantunta. Amma rediyo ba ya duba littafin yaro, ba ya kuma sanin wanda ya tafi ɗiban ruwa ana tsakiyar darasi. Yana aiki ne idan akwai jadawalin da kowa ya sani, da takardun aiki a hannun yaro, da babban da zai zauna tare da shi. Darasin da Gidan Rediyon Jihar Katsina ya naɗa da Hausa ana iya zuba shi a memori, kamar yadda ake zuba wa'azi da waƙoƙi a shagunan kasuwa, a yi ta tura shi daga waya zuwa waya ba tare da sabis ba. Takardun kuwa a buga su yanzu, a ajiye a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, kada sai an rufe hanya a fara neman ɗan kwangila.

Kada kuma a manta da yaran da aka raba da ƙauyukansu, waɗanda ke rakaɓe a gidajen 'yan uwa a Faskari da Ƙanƙara. Sunayensu suna rajistar makarantun da babu kowa a cikinsu, don haka babu malamin da ke lissafi da su.

Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina da Hukumar SUBEB su rubuta wannan shiri, su ware masa kuɗi a kasafin jiha, su gwada shi a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa tun makarantu suna buɗe. 'Yan majalisar jiha masu wakiltar waɗannan yankuna su nemi a kawo musu shi a rubuce. Iyayen 'Yankara kuma, duk ranar da aka sake cewa yara su koma gida, ku je wurin hedimasta ku tambaye shi wane malami ne zai ga ɗanku gobe da safe.