Ciwon ƙandarewar fata: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, jarinmu na farko shi ne hannu. Da shi muke awo, da shi muke ƙirga canji. To akwai wata cuta da ke fara ɓarna daga nan, likitoci na ce mata sikilerodermi. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, fata ta yi kauri ta ƙandare, yatsu su kumbura, daga baya su lanƙwashe su ƙi miƙewa. Ba ta da yawa, amma ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50.

Alamar farko sau da yawa ita ce yatsu su yi fari ko toka-toka da zafi in an taɓa sanyi. Mai saida ƙanƙara ko kifin firiji, da mai wanki da asuba cikin hunturu, ku lura. Daga nan sai gyambo a kan yatsa mai wuyar warkewa, da ɗigo-ɗigon fari a fata.

Nan ne mutane ke cewa kuturta ce ko sammu, a ƙaurace wa hajar baiwar Allah. Wannan zalunci ne. Kuturta tana kashe jin taɓi, wannan kuwa ciwo gare ta, kuma ba a ɗaukarta ta cin abinci ko gaisawa.

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ita, amma ana iya ceton hannun, in ma'aikata sun haɗa kai. Likitan gaɓoɓi ko na fata ya ba da maganin buɗe hanyoyin jini, irin su nifedipin. Kine ya koya motsa yatsu kullum kafin su ƙage. Mai jinya ya kula da gyambo. A riƙa awon jini da duba huhu, don cutar tana taɓa ƙoda, huhu da maƙoshi. Haɗarin yin gaban kai shi ne ƙwayoyin kortizon na ƴan tebur: shansu da yawa na iya tada ciwon ƙoda mai kisa ga mai wannan cuta.

Ra'ayinmu shi ne manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa su tsaida rana guda da mara lafiya za ta ga dukansu. Macen da ta rufe rumfa ta biya mota daga ƙauye ba ta iya zuwa sau huɗu a wata. In aka wahalshe ta, gun boka za ta koma.

Mu ma da namu aikin. Ƴan adashi su ba ta ɗauka da wuri. Maigida da abokiyar zama su ɗauke mata wankin ruwan sanyi, a sama mata safar hannu, a nisanta ta da hayaƙin taba. Wadda ta ga alamun nan ta je likita tun yatsu na miƙewa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.