Jan Tumatir Ba Shi Ne Nunarsa Ba

A kasuwannin kayan gwari irin su Kwanar Gafan da 'Yankaba, ido ne ke yanke farashi: kwandon da ya fi ja da manyan 'ya'ya shi ya fi tsada. Sai dai tun da aka samu sinadaran da ke sarrafa girman tsiro, wannan ma'auni ya daina faɗin gaskiya, kuma sau da yawa kallon kitse muke yi wa rogo.

Waɗannan sinadarai ba taki ba ne. Ba sa ciyar da shuka, umarni kawai suke ba ta. Mafi shahara shi ne etifon, wanda idan ya shiga jikin tumatir yakan rikiɗe ya zama iskar etilin, wato iskar da ɗan tumatir ke fitarwa da kansa idan lokacin nunarsa ya yi. Da zarar ta yawaita, koren launi ya gushe, laikofin mai ba da ja ya taru, tsoka ta yi laushi. Amma yawancin sukarin da ke cikin tumatir daga ganye yake zuwa, a kwanakin da ɗan yake maƙale da uwarsa. Wanda aka tsinke ɗanye aka tilasta masa nuna zai yi ja, amma zaƙi da ƙamshinsa ba za su kamo na wanda ya nuna a kan reshe ba.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. Idan zafi ya haura digiri 30, samuwar laikofin takan ragu ƙwarai, shi ya sa tumatirin bazara ke fitowa ruwan ɗorawa. Feshi ba ya warware wannan. Haka kuma zafi na hana fure ɗaukar 'ya'ya, sai a fesa masa dangin oksin ko jibarelin, ya yi ɗa ba tare da barbara ba. An ceci amfanin gona, amma ɗan kan zo ba iri, wani lokaci da kogo a ciki: ga girma, ba nauyi.

Ba ina cewa a haramta su ba ne. Manomin da ke tsoron kayansa su ruɓe kafin su isa Legas yana da hujjar neman iko da lokacin nuna, kuma etifon da aka yi amfani da shi bisa ƙa'ida ba ɗaya yake da kabaid ba, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda gubar asanik da ke cakuɗe da shi.

Matsalar tana ga yadda muke saye. Masana'antun tumatirin gwangwani suna auna abin da ke narke cikin ruwan tumatir da ma'aunin Brix, domin shi ke nuna yawan kaurin da za a samu. Na'urar 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, ɗigo ɗaya ya ishe ta. Da ƙungiyoyin manoma da dillalai za su shigo da ita kasuwa, su kuma malaman gona su koyar da adadin feshi da lokacinsa, da wanda ya yi haƙuri tumatirinsa ya nuna a gona ya ga ladan haƙurinsa. Muddin launi da kwando ne ke yanke farashi, manomi launi zai ci gaba da nomawa, uwargida kuma ta yi ta ƙara tumatir a tukunya miya ba ta yi kauri ba.