Mai Sayen Kirifto Ya Riƙa Rubuta Uwar Kuɗinsa

Sanin kowa ne cewa cinikin kuɗin intanet, watau kirifto, ya samu gindin zama a ƙasar nan, musamman a tsakanin ma'aikata da ɗalibai. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu wannan ciniki, sa'an nan ya janye hanin a Disambar 2023. Dokar Kuɗi ta 2023 ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan ribar da aka samu wajen sayar da irin wannan dukiya. A Yunin 2025 kuma Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 ranar fara aiki da su. Saboda haka wanda ke tsammanin hukuma ba ta san da wannan kasuwa ba, yaudarar kansa yake yi.

Abin lura shi ne, riba ake yi wa haraji. Riba kuwa ba ta tabbata sai an san uwar kuɗi, watau abin da mutum ya kashe ranar da ya saya. Galibin masu sayen Bitcoin ko USDT da dala suke lissafi, alhali kuwa albashinsu da cefanensu duk da naira ne. Darajar naira kuma ta sauya ƙwarai tun daga Yunin 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta yanke farashinta.

Alal misali, a ce wani ma'aikaci ya sayi USDT na dala 1,000 a Mayun 2023. A lokacin farashin hukuma bai wuce kimanin naira 460 ba, amma a wurin 'yan canji, irin na Wapa a Kano, dala tana wajen naira 750. Ya biya naira 750,000 ke nan. A 2024, da dala ta kai naira 1,500, ya sayar a kan naira 1,500,000. In da dala aka auna, ko sisi bai ƙaru da shi ba. In da abin da ya biya aka auna, ribarsa naira 750,000 ce. In kuwa farashin hukuma aka bi, sai ribar ta haura zuwa naira 1,040,000. Bambancin naira 290,000 ne a ciniki guda. Wanda ba shi da takarda, da wace hujja zai yi gardama da jami'in haraji?

Don haka ya wajaba kowane mai wannan ciniki ya tanadi littafi. A cikinsa ya rubuta ranar saye, yawan abin da ya saya, irin kuɗin da ya biya da su, farashin canji na ranar da inda ya samo shi, da kuma ladan da kamfani ya cire. Ya adana rasidi da takardar banki. Wanda ya saya sau biyar a farashi daban-daban, kowane saye da nasa layin. Asara ma haka take, ba a karɓarta da fatar baki. Kada kuma a dogara ga kamfanin ciniki ya riƙe wa mutum tarihinsa, domin a Maris na 2024 Binance ya dakatar da hulɗa da naira baki ɗaya.

Ita ma hukuma da nata nauyin. Ya kamata Hukumar Tara Haraji ta Tarayya da takwarorinta na jihohi su bayyana wa jama'a, cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, farashin canjin da za a bi da irin shaidar da za a karɓa. Ribar da faɗuwar naira ta haifar, a kan takarda kaɗai take, ba ta ƙara wa mai ita buhun shinkafa ko ɗaya ba. Adalci ne a yi la'akari da haka.

Kafin nan dai, mai ciniki ya ɗauki biro tun daga sayen da zai yi na gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.