Allura da Ƙyalle: Kira a Kafa Gasar Ɗinkin Zane a Ƙasar Kura da Bunkure

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan mai karatu ya dubi al'adun Hausawa da kyau zai tarar kusan kowane abin da ake taƙama da shi yana da filin gwaji. Ɗan dambe yana da dandali, ɗan kokawa yana da nasa, masunci yana da Argungu, mahaddacin Alƙur'ani kuwa yana da musabaƙa, wadda aka fara yin ta ƙasa baki ɗaya a 1986. Amma mai allura da zare, musamman mace, ba ta da inda za ta shimfiɗa aikinta kusa da na wata, a duba, a ce wannan ya fi wannan. Tana gama ɗinki sai 'yar talla ta fita da shi, ko ya tafi ɗakin amarya, daga nan kuma babu wanda zai sake sanin hannun da ya yi shi. Abin da wannan maƙala take kira a kai shi ne a kafa gasar ɗinkin zane mai ba da labari a yankin noman rani na Kura da Bunkure, a kuma kafa ta bisa sharuɗɗan da za su hana ta zama wasan yara.

Ya kamata a fara bayyana irin ɗinkin da ake nufi. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata tsohuwar sana'ar mata ta haɗa bargo da guntayen ƙyalle. Bargon yakan zama hawa uku: a sama ƙyallayen da aka yayyanka aka harhaɗa, a tsakiya auduga, a ƙasa kuma yadi guda, sa'an nan a bi da allura a ɗinke ukun gaba ɗaya. Waɗansu masu ɗinkin ba su tsayawa ga haɗa launi kawai, sai su yanka ƙyallen ya ba da surar gida, ko gona, ko kogi, har bargon ya zama labari. Matan suna da ƙungiyoyi gari-gari, kuma ƙungiya takan ɗora wa 'ya'yanta wani irin gwaji: a ba kowa yanki na yadi iri ɗaya, a faɗi abin da za a zana, a ƙayyade faɗi da tsawo, a yanke rana. Ranar da aka yanke kowa ta zo da nata, alƙalai su duba tsarin launi, da daidaiton sawun allura, da yadda aka cika sharaɗi. Daga irin waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ne ake hawa zuwa manyan gasa, kamar wadda ake yi a garin Paducah na jihar Kentucky tun 1985, da kuma ta birnin Houston.

Kada a ɗauka abin na Turawa ne zalla. Ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan aiki ita ce Harriet Powers, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837. A 1886 ta kai wani bargo wurin bikin nunin amfanin gona na garin Athens, mai ɗauke da gidaje goma sha ɗaya, kowane gida da labarinsa. Wata malamar zane ta gani ta taya, ta ƙi sayarwa. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa, ta sallama shi a kan dala biyar, amma sai da ta tsaya ta bayyana wa mai sayen ma'anar kowane gida, aka rubuta. Yau bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Masana da yawa sun kwatanta salonta da na maɗinkan fadar Abomey a ƙasar Dahomey, watau Jamhuriyar Benin ta yanzu, waɗanda suke liƙa ƙyalle a kan ƙyalle su fitar da alamun sarakunansu: ɓauna ga Gezo, zaki ga Glele, babban kifin teku ga Behanzin. Abin lura a nan, da ba a yi wancan bikin nuni ba, da bargon ya ƙare a kan gado, sunan mai shi ya bi shi.

To, mene ne haɗin wannan da Kura? Haɗin kuwa shi ne, duk wata dabara da ake bukata a wannan ɗinki Bahaushe ya daɗe da ita, sai dai a warwatse take. Ɗinkin hawa uku da cushen auduga shi ne lifidi, wanda barade suke sa wa kansu da dawakinsu don tare kibiya, har yanzu kuma ana ganin 'yan lifidi a Hawan Salla, da yawansu an harhaɗa samansa da ƙyallaye masu launi dabam-dabam. Liƙa yanki a kan yanki aikin dukawa ne na yau da kullum, sai dai su da fata suke yi. Zane mai suna da ma'ana yana jikin babbar riga: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana nazarin wannan, har ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Ita kuwa Kura, aikinta ya fi kowane kusa. Turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda Buzaye suke ɗauka har Agadas da gaba, siraran saƙa ne, waɗansu faɗinsu bai wuce na yatsa ba, a jera su da yawa a ɗinke baki da baki, sa'an nan a tsoma a karofi, a kai mabuga a buge da shuni har su riƙa walƙiya. Philip Shea ya yi digirinsa na uku a 1975 a kan wannan ciniki na rinannen tufafi a ƙasar Kano cikin ƙarni na 19. Garin da ya iya haɗa saƙa mai faɗin yatsa ba tare da an ga gaɓa ba, ai ba a koya masa haɗa ƙyalle.

Sana'ar rini da bugu ta ja baya ƙwarai, wannan kowa ya sani. Abin da ya maye gurbinta a bakin jama'a idan an ambaci Kura shi ne shinkafa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta sake kama. An tsara kashi na farko na shirin ya shayar da kadada 22,000. An share gonakin gado, an daidaita ƙasa, an sake rabo, an ja magudanan ruwa miƙaƙƙu inda a da sai burtali da kan iyaka na aduwa. Alkama ta shigo da ƙarfi, tumatir ya cika Kadawa, rani ya daina zama lokacin hutu da cin rani. An sha daɗi, an kuma sha wuya: kacala ta toshe magudanai, jan-baki ya sauka a kan shinkafa, a 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir, a shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa. Duk wannan sauyi na shekara hamsin, ina aka ajiye shi? Yana cikin rahotannin injiniyoyi da na masu bincike, da Turanci, a cikin durowa. Waɗanda abin ya faru a ƙofar gidansu ba a taɓa tambayarsu su zana shi ba. Ga shi kuwa duk wanda ya tsaya a kan gadar babbar magudana cikin watan Fabrairu ya dubi ƙasa, zai ga koren alkama kusa da jan tumatir kusa da baƙar fadama, gida-gida, kamar dai wata gwana ce ta zauna ta harhaɗa su da allura.

Matan yankin ne suka fi cancanta a ba wannan aiki. Cecile Jackson, a binciken da ta buga a 1985, ta nuna cewa shirin noman ranin bai taɓa matan kulle da matan Maguzawa masu fita gona ta hanya ɗaya ba, ko da yake masu tsara shi ba su sa ko ɗayansu a lissafi ba. Matan kulle kuwa sun daɗe da allura a hannu. Su ne masu ɗinkin hula, su ne masu yi wa zanen gado da rigar matashi ado da fure da ganye don jeren amarya. Abin da hukumomi suka saba yi musu shi ne a tara su a sakatariya, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto, a watse. Keke kuwa kayan aiki ne, ba ya sa mutum ya so ya fi na jiya. Abin da yake sa gwani ya ƙara ƙwazo shi ne ya ji an kira sunan wani a gabansa.

Ɗaliban Hausa sun fi kowa sanin abin da gasa take iya haifarwa, domin kuwa ƙagaggen labarin Hausa na boko ɗan gasa ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta labari, daga nan aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Gasar kamfanin NNPC ta 1978 ta fito da Hafsat Abdulwaheed da littafinta So Aljannar Duniya, ta BBC mai suna Hikayata kuma tun 2016 take tono mata marubuta. Amma wannan tarihi yana ɗauke da gargaɗi. East bai tsaya ga zaɓe ba, ya sa hannu ya gyara, kuma abin da ya so shi ne ya zama ma'auni na shekaru masu yawa. Haka kowace gasa take: masu shiga sukan koyi zuciyar alƙali fiye da yadda suke koyon sana'ar. Idan aka kawo alƙalai daga birni waɗanda idonsu ya saba da kayan da baƙi 'yan yawon buɗe ido suke saya, to shekara uku ta isa a cika fili da raƙumi da bukka da faɗuwar rana, a rasa ko bargo ɗaya mai famfon ban-ruwa. Saboda haka alƙalan su fito daga cikin masu sana'a: tsohuwar mai ɗinkin hula da ta san sawun allura ko da ido a rufe, marini da ya san launin da zai zuba da wanda zai zauna, da manomi da zai iya cewa ba haka ake jan ruwa ba. Malamin zane daga jami'a ya zauna tare da su, amma ƙuri'arsa ɗaya.

Akwai masu cewa addini bai yarda da zanen sura ba, kuma wannan magana ba ta wasa ba ce. Sanannen abu ne cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi wani labule mai surori a ɗakin Nana A'isha, har ta yayyanka shi ta yi matasai. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan wannan, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta bambanta zanen jikin tufafi da sauran surori, duk da ta fi son a bar shi. Amma ba sai an shiga wannan saɓani ba. Abin da ake jayayya a kansa shi ne mai rai. Magudanar ruwa, da kunya, da zangarniyar alkama, da kwandon tumatir, da rumbu, da karofi, da motar da ta yi lodi za ta Legas, babu mai rai a cikinsu, kuma sun isa su ba da labarin Kadawa tun daga farko har yau. Sai ma a mai da wannan ya zama sharaɗin gasar. Wadda aka ce ta nuna barnar jan-baki ba tare da ta zana tsuntsu ba, tilas ta yi tunani, kuma a irin wannan ƙunci ne gwaninta take fitowa.

Waɗansu kuma za su ce wa zai sayi bargon da aka yi wata uku ana ɗinkawa, alhali ga na kanti da araha? Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a yaudari kowa da cewa gasa za ta kawar da talauci ba. Amma matan Zariya masu ƙungiyar ɗinki ta Queen Amina sun kai aikin hannunsu har kasuwar fasahar gargajiya ta Santa Fe a Amurka, don haka kasuwar tana nan ga wanda aikinsa ya yi suna, suna kuwa ba ya samuwa a ɓoye.

Yadda za a tsara abin ba shi da wuya. A sanar da jigon shekara bayan an kwashe amfanin damina, a ba kowace mai shiga kamu biyu na rinannen yadi daga marinar Kura, wanda dole ya fito a cikin aikin, saura kuwa ta nema daga guntayen tela. Ta haka marini ma ya sami ciniki. A yanke ranar nuni bayan yankan alkama, lokacin da kuɗi yake hannun manoma. Wadda take kulle ta aiko da nata ta hannun mijinta ko ƙanenta, amma a ɗinka sunanta da na garinta da shekara a bayan bargon, kuma sunan nan za a kira, ba na ɗan aike ba. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa da ƙananan hukumomin Kura da Bunkure su haɗa kyautar. Bargon da ya zo na ɗaya kuwa kada a bar dillali ya ɗauke shi. A saya da farashin da mai shi ta faɗa, a tura ɗalibin Hausa ya zauna ya rubuta bayaninta a kan kowane gida da bakinta, sa'an nan a kai bargon da takardar Gidan Makama a rataye su wuri ɗaya.